Kawu Ilu da Safar Cafe Ƙwallo

Ku da kuka yi zaman Guangzhou tare da mu, ba sai na tuna muku abin da ke faruwa a ƙofar masallaci ran Juma'a ba. Ana idar da salla kowa ya fito neman takalminsa, sai ya tarar an yi musu rabo, wasu a dama, wasu can bakin kwata, ga wani dogon tsoho mai hula ƙube a tsugune a tsakiya da takalmin wani a hancinsa. Kawu Ilu ke nan, yayan mahaifiyata. Shi ko nafila ba ya tsayawa yi, wai zai yi a gida, don kada a riga shi fitowa. Kuma bai san ya gaisa da mutum ya kalli fuskarsa ba, ƙafarka zai fara kallo. In takalmin sabo ne ya ce, "Miƙo." In ka ƙi, ya sunkuya ya cire da kansa. Ya lanƙwasa shi, ya lashi babban yatsa ya goga a shafin ciki, ya shinshina, ya ɗaga shi saitin haske. Sai ka ji hukuncin irin fatar, da ƙarfi kuwa, don Kawu bai iya raɗa ba: "Sa." Ko, "Akuya." Ko kuma, in ranar ta ƙi ka, "Alade!"

Alhaji Lawali na Maraɗi, ga ka nan a zaune, in ƙarya nake ka tsayar da ni. Ranar da ka zo da sau-ciki mai ƙyalli, kana taku ɗai-ɗai, ba a bakin kwata ka same shi ba?

"Kai tsoho, mi kake nuhi? Wanga takalmi daga Italiya ya hito!"

"To aladen Italiya ne," in ji Kawu. "Matso ka gani. Ka ga ƙofofin gashin nan uku-uku, kamar duwatsun murhu? Alade kaɗai Allah ya yi wa haka."

Da silifas ɗin alwala Alhaji ya koma otal ɗinsa a Liuhua, ɗaya kore ɗaya shuɗi, ga babbar riga ta sha aiki. Ya yi wata guda ba ya amsa sallamar Kawu.

Baduku ne gaba da baya, haifaffen Dukawa a cikin birnin Kano. A iya sanina shi kaɗai ne Bakanon da ya je China don ya sayar. Kowa na tafiya da jaka fayau ya dawo da kwantena, shi ya tafi da buhunan takalman fata ɗinkin hannu, wai zai koya wa 'yan China sa abin kirki. Ko wari ɗaya ba su saya ba. Da aka ce ya tattara ya koma, ya rantse ba zai sauka Kano da buhun da ya fita da shi ba, kuma rantsuwar nan ita ta zaunar da shi. Bizarsa ta mutu, ta ruɓe, ta zama ƙasa, yana nan a wani ɗaki can ƙololuwar bene a Sanyuanli, babu lifta. Hancinsa ne ke ciyar da shi. Masu sarin takalma da jakunkuna su ɗauke shi, ya bi su shago-shago yana tsince musu alade. Masu shagunan suna hango hular nan sai ka ga ana tura kwalaye ƙarƙashin tebur. Duk shekarun nan yaren China da ya iya bai wuce lawban da meyo ba, wato maigida da babu, ya ce kuma sun ishe shi, tunda duk wani zance na ƙasar a tsakaninsu yake ƙarewa.

Ni sarin kayan yara ya kai ni. Mahaifiyata ta ce, "Sabi'u, ka sauka wurin Yaya, ka riƙa ganin lafiyarsa." Na ga lafiya! Mutumin da zai tsame ganyen shayi ya shanya a taga don gobe, in ka zubar ya bi ka har bakin bola yana tambayar laifin da ya yi maka.

To yana da 'ya, Rakiya, 'yar fari. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kawu ya fi su duka. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta ba ko tana jinjira, in ta shigo ɗaki ya tashi ya fita neman abin da bai ɓata ba. In ya buga waya gida zai tambayi kowa da sunansa, har tunkiyar gidan, in an zo kanta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Sauran mutanen gidan fa?"

Rakiya tana kwalejin horar da malamai a lokacin, ɓangaren motsa jiki, a can ta faɗa wani wasa wai shi sofbol. Wata ta jefo ƙwallo, wata ta maka masa gora ta ruga. A bayan mai gorar akwai wadda ke tsugune, duk ƙwallon da aka kuskure ita za ta cafe. Nan ne wurin Rakiya. Ƙwallon ya fi lemon zaƙi girma, ga tauri kamar goruba, don haka mai cafewa tana sa wata ƙatuwar safar fata a hannun hagu. Tata tsohuwa ce da aka tsinto a kayan gwanjo, kuma ashe ta wasan maza ce, masu ƙaramin ƙwallo. Kwarmin tafinta bai kai ya haɗiye nasu ba, sai ƙwallon ya riƙa sauka a gindin babban yatsa. Ya karye sau biyu. Likita ya ce in ya kuma, yatsan ya sandare ke nan har abada. Uwarta ta yi kuka, ta yi faɗa, Rakiya ta ce ita fa ba za ta bari ba. Jinin wa kuke tsammani?

Ni ta gaya wa a waya, don taubashiyata ce, sarauniyar tsuguno nake ce mata. Ni kuma na kwashe labarin na juye shi muna cin abinci, da ƙarfi, ina kallon bango kamar da shi nake. Kawu bai ɗago ba. Abin da ya ce kawai, "Miƙo yaji."

Washegari ina ɗaure kaya sai na ji, "Kai Sabi'u. Wannan abin da 'yan mata ke sawa a hannu. Da fata ake yin sa?"

"Da fata, Kawu."

"Wace iri?"

"Oho."

"Oho! To tashi."

Shekarar da aka yi Olamfik a China ce, kun tuna yadda garin ya koma. Biza ta yi wuya, masu fita Hong Kong sabuntawa suna komowa hannu rabbana, wasu ma ba sa komowa. A tashar mota a tare ka, a bakin kasuwa a tare ka, har gida ake bi ana ƙwanƙwasa ƙofa, fasfo, fasfo. Yau ka ci abinci da mutum, gobe a ce an tafi da shi, shagonsa a kulle, kayansa a kago babu mai karɓa. Masu mushen biza irin Kawu duk sun shige ɗaki sun ja labule. A wannan lokacin ne shi ya ga ya dace ya fara yawo.

Ga ƙafa kuma. Yana da ciwon suga, ƙusa ta soke shi a ɗan yatsan ƙafar dama, wurin ya ƙi rufewa. Na ce mu je asibiti, ya ce asibiti fasfo za su fara dubawa kafin ƙafa. Sai ya jiƙa bagaruwa a roba, irin wadda majema ke jeme fata da ita, ya tsoma ƙafar a ciki yana jan carbi.

"Haba Kawu, ƙafar mutum ce fa!"

"Abin da ya jeme ƙirgin bijimi, tawa 'yar fatar ce za ta gagare shi?"

Da wannan ƙafar, a naɗe da tsumma, muka zaga shagunan kayan wasanni na wajen tashar jirgin ƙasa. Safar akwai ta, kala-kala. Duk wadda aka miƙo, waje fatar shanu ce, sai ya juya bakin ya leƙa ciki, ya shinshina, ya ajiye ta da yatsu biyu. Shafin ciki duk alade ne, don ya fi araha kuma yana shan gumi. Wani mai shago har da ɗora yatsu a ka yana kukan saniya don mu yarda. Kawu ya kalle shi ya yi masa gurnanin alade, mutumin ya karɓe kayansa ya nuna mana ƙofa. Na ce, "Kawu, malamai ma sun yi saɓani a kan jemammiyar fata, mu ɗauki ɗaya mu tafi kafin a tare mu." Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Yarinya musulma ta zura hannun da take alwala da shi a cikin alade, ta yini tana gumi a ciki? Ina baduku? Ina numfashi?"

Daga nan aka kwatanta mana wata ƙaramar masana'anta a Shiling, garin masu aikin fata, tafiyar bas ce mai nisa. Duk tsayawar da bas ta yi sai in leƙa ko masu tambayar fasfo ne, shi kuwa barcinsa yake. Tun a hanya na yi masa huɗuba. Kun san yadda muke yi, duk cikinku babu wanda bai taɓa ba: ka ce samfur kake so, kwantena na biye. Ya ce to. Muna zama, maigidan ya zuba mana shayi, ya tambaya ta bakin tafintarsa, guda nawa?

"Ɗaya," in ji Kawu, har da ɗaga yatsa.

Na taka masa ƙafar mai lafiya. Ya ce, "Me ya sa kake taka ni? Ɗaya nake so."

Maigidan ya yi dariya har da tari, ya ce, "Meyo."

"Lawban," in ji Kawu, yana lallashi.

"Meyo."

"Lawban!"

"Meyo, meyo!"

Wallahi haka suka yi ta yi, tafinta na zaune ba ta da aiki. Can sai ga wata tsohuwa 'yar firit ta fito daga ciki da almakashi rataye a wuya, ta zo ganin masu hayaniya. Ita ce mai yankan fatarsu, kowa Ayi yake ce mata, kamar mu ce inna. Kawu ya zaro tsohuwar zabirarsa ta jar fatar akuya, wadda ya ɗinka da hannunsa tun a Dukawa, ya ajiye a tebur. Tsohuwar nan ta ɗauka, ta murza, ta lanƙwasa. Sai kawai ta kai ta hanci.

Kawu ya juyo ya dube ni, idonsa har ya kawo ruwa. "Ka ga mutum," in ji shi. "Duk ƙasar nan sai yau na ga mutum."

Ashe layin safar ma rufe shi za a yi. An riga an ce daga gasar bana an cire wasan daga Olamfik, masu oda sun ja baya, maigidan zai koma jakunkunan mata. Ayi ta ce in za a kawo mata irin wannan fatar, za ta yanka guda ɗaya a lokacin hutunta, ragowar fatar kuma tata ce. Maigidan ya ɗaga kafaɗa ya koma kan shayinsa.

Wa zai kawo fata daga gida? Alhaji Lawali, mai sau-cikin Italiya, shi ne ke hanya. Ya ɗauko fatun a cikin akwatin tufafinsa, ya iso Guangzhou duk rigunansa na warin majema. Maimakon godiya, Kawu ya shimfiɗa su a gado ya ce ai da na Sakkwato ne da sun fi.

"Jar akuya ta Maraɗi ce, tsoho! Ku Sakkwatawa aro suka yi!"

"Ni Bakano ne."

"To mi ya kai ka cikin zancen?"

Ranar zaɓen fasali ita ce ba zan manta ba. Ayi ta jera samfura a tebur. Wata kwarminta mai zurfi, wata faffaɗa. Wata an rufe tsakanin babban yatsa da manuni ruf da fata, wata an yi saƙa mai ƙofofi don mai cafewa ta riƙa hangen ƙwallo ta ciki. Wata bayan hannun a rufe, wata a buɗe da maɗauri. Kawu bai taɓa ganin wasan nan da idonsa ba, amma ya zauna ya harɗe kamar shi ya ƙirƙiro shi. Da farko ya ce duka da akuya za a yi, ciki da waje. Ayi ta ce akuya a ciki, fatar sa a waje. Ya ce akuya. Sai ta shimfiɗa masa fatar akuyar a tafin hannu, ta ja baya, ta ɗauki ƙwallo ta sakar masa. Ji kake ɗas! Ya mayar da hannun bayansa yana yarfewa a ɓoye, ya ce da ni, "Gaya mata na yi tunani. A sa sa a waje."

Sai ya ce a yi mata tuntaye a gefe, irin na jakar Agadas. Ayi ta ce wannan safa ce, ba kayan doki ba. Ya ce to a bar wuri a cikin cikon da ake cusawa don tare duka, zai sa laya. Ta ce ƙwallo zai daka layar ya daka hannun. Da ƙyar aka sasanta a kan a ɗinke ta da jar tsirkiya. Kwarmi mai zurfi ya zaɓa, da saƙa a rufe, da maɗauri a baya don a iya tsukewa.

Aka zo kan cikon babban yatsa, wanda shi ne dalilin zuwanmu. Ayi ta yi bayani a hankali, tafinta na juyawa, ni ina ƙara juyawa. In an ninka cikon, yatsa ya tsira, amma safar za ta yi nauyi, sai mai ƙarfin hannu ce za ta iya rufe ta da sauri. In an bar shi siriri, za ta rufu kamar ƙiftawar ido, amma dukan zai riƙa isa ƙashi. Ta ce ya danganta da yarinyar. Yaya hannunta yake?

Kawu ya gyara zama. Ya kalli samfuran, ya kalli nasa hannun. Mutumin da zai gaya maka shekarun akuya daga warin fatarta, bai san hannun 'yarsa ba. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, har haushin kaina na ji da nake tsaye ina kallo. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, karo na farko da na ji ya yi raɗa, "Kai da kuke wasa da ita. Yana da ƙarfi?"

Na ce, "Kawu, marin da ta yi mini wata sallar layya, har yau in hadari ya taso kunnen nan sai ya yi ƙara."

"Madalla," in ji shi. "A ninka."

Saura abu ɗaya. Tafinta ta ce ana ɗinka sunan mai ita a gefen babban yatsa, wane suna za a sa? Kawu ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"Kawu, suna ake tambaya."

"Na ji."

"To?"

"Kai ba ka da baki ne?"

Ina fara faɗa ya miƙe, da ƙafar nan tasa, ya ɗingisa ya fita waje wai zai duba ko za a yi ruwa. Rana kuwa kamar ta fasa kai.

Da muka zo tafiya Ayi ta riƙe hannun rigata, ta sa tafinta ta maimaita mini sau biyu. Ta ce ramukan yatsun ta yanka su daidai hannun mace, matsattsu. Sabuwar safa tauri gare ta, kuma mai ita ce kaɗai za ta lausasa ta, da hannunta, a hankali, don fata hannun da ya fara shigarta take bi. Kada a bar kowa ya sa. Na juya wa Kawu. Ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki, har ya ce mata shiye-shiye, wato na gode. Ni ban ma san ya iya ba.

Lokacin da aka gama, ƙafar ta riga ta hana shi saukowa daga bene. Ni na je na karɓo. Kai, abin ya yi kyau! Baƙar fatar sa a waje, jar tsirkiya, ciki kuwa laushi kamar kunnen ɗan akuya. Na ce gobe akwai mai tafiya Kano, a ba shi. Kawu ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Ya gwada matse ta da hannu biyu, ta ƙi.

"A haka za a aika? Wannan ai ita za ta ƙarasa yatsan."

"Kawu, ka ji abin da Ayi ta ce."

"Ita ta san fatar sa. Ni na san akuya."

Ya shafe ta da man kaɗanya, ya ɗora a gwiwa yana bugu da kwalba kamar masu bugun shadda. Sannan ya shafa wa nasa hannun mai, wannan shirgegen hannun na dukawa, ya dinga murɗawa yana turawa har ya shige. Na yi magana, na yi magiya, na yi zagi a zuci. Ya ce in je in sayo ƙwallo.

Haka muka shiga watan gasar. Zafi kamar gidan burodi, taga a rufe, labule a sake saboda masu ƙwanƙwasa ƙofa. Kullum bayan la'asar ya zauna a bakin gado, ƙafar a cikin robar bagaruwa, ni in tsaya a bakin ƙofa in riƙa jefa masa ƙwallo. In muka ji taku a matakala mu yi tsit, shi da safa a sama, ni da ƙwallo a hannu, har takun ya wuce. Ɗan yatsan ya yi baƙi, baƙin ya hau zuwa idon sawu. Warin ɗakin ya canza. Kuma kada ku ce bai sani ba. Mai wannan hancin? Ya riga ni sani da nisa.

Wata rana na kunna talabijin sai ga wasan ana nunawa, 'yan matan China da wata ƙasa. Na ce, "Kawu, ga shi nan." Ya matso da fuska. Aka nuno mai cafewa a tsugune, fuska a cikin kwalkwali mai waya, gora na wucewa ta gaban hancinta. Mai jifa ta juya hannu kamar fanka ta saki. Ba mu ga ƙwallon ba, ƙararsa kawai muka ji a cikin safar. Kawu ya juyo ya dube ni.

"Irin wannan ake jefa mata?"

"Irinsa, Kawu."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya koma bakin gado ya ɗaga safar. "Ashe wasa kake mini. Jefo kamar ka ci abinci."

Daga ranar ya daina ko sauraron zancen asibiti. Na kawo masa limamin da muke bi, na kawo Alhaji Lawali, na yi barazanar kiran mahaifiyata. Amsarsa ɗaya: "Sai ta yi laushi." Lissafinsa a fili yake. In ya shiga asibiti za a ga fasfo, in an ga fasfo ba zai dawo ɗakin nan ba, safar kuma ta tafi da taurinta. Na ce masa, "Kawu, ƙafarka kake musanyawa da safar hannu!" Ya ce, "Ƙafar da ta gama zuwa inda za ta? Jefo." Ina jifa ina hawaye, don haushi da tsoro, shi kuwa zazzaɓi na kaɗa shi yana ce mini raggo.

Ran nan, an kusa rufe gasar, na jefa, ya cafe, safar ta rufe a kan ƙwallon ruf, ba tare da ya yi nishi ba. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Ya zare hannunsa, ya sa ƙwallon a kwarmin, ya ɗaure ta da tsumma mai tsabta.

"Ta yi," in ji shi. "Kira Bamaraɗen nan."

Ni da Alhaji Lawali muka sauko da shi, muna karɓa-karɓa a baya. A asibiti an tambayi fasfo, an kuma karɓi Kawu duk da haka, aka ba shi gado. Likita ya kwance tsumman ya duba, ya ce dafin ya riga ya shiga jini, sai dai a yanke ƙafar a gwada. Na rasa yadda zan juya masa wannan. Da na faɗa, ya ɗan yi tunani, ya ce, "To gaya masa ya bi gaɓa. Kada ya yi mini yankan mahautan Sabon Gari, su ɓata fata su ɓata nama." Alhaji Lawali ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya fita waje. Ba a kai ga yankan ba. Kafin ranar da aka sa, Allah ya karɓi abinsa.

A can muka binne shi, a maƙabartar musulmin garin, a jikin tudu, cikin mutanen da ba ya jin yarensu. Waɗanda ke da biza mai rai su suka raka shi. Da yawa daga cikinku kuna ɗaki a ranar, kun ja labule, kuma babu wanda ya ga laifinku.

Ban saka safar a kago ba, a jakar hannu na riƙo ta har Kano. Bayan an watse daga gaisuwar rasuwa na sami Rakiya a tsakar gida, na ce, "Sarauniyar tsuguno, ga saƙo." Ta kwance tsumman. Ta ga sunanta a gefen yatsa, ta shafa shi, ta tambaye ni wa ya faɗa musu. Na ce ni ne, shi yana waje yana duba hadari. Ta yi murmushi. Sai ta zura hannu.

Hannun ya shige har wuya ba tare da ya taɓa ko'ina ba. Ta tsuke maɗaurin har ƙarshe, safar na lilo. Ramukan da Ayi ta yanka matsattsu duk sun buɗe sun bi wasu yatsun, kwarmin ya faɗa inda wani tafin ya ajiye shi. 'Yar wasa ce, ba ta buƙaci bayani ba.

"Wa ya sa ta?"

Na sunkuya ina naɗe tsumman.

"Sabi'u, wa ya sa ta?"

"Shi. Wai kada ta yi miki tauri."

"Ya ɓata ta," in ji ta. Tana dariya, hawaye na zuba. "Wallahi ya ɓata ta. Ba za ta taɓa zama daidai da ni ba. Duk hannunsa ne a ciki."

Na ce ta kawo, in na koma zan nemi Ayi ko za a iya tsuke ta. Na miƙa hannu zan karɓa. Ta janye, ta rungume ta a ƙirji da hannun a ciki, ta ce in na taɓa ta sai ta ƙarasa mini ɗaya kunnen. Har aka kira magariba tana zaune a wurin, tana motsa yatsunta a hankali a cikin ramukan nasa.

Allah ya ji ƙan Kawu Ilu. Allah ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya masa ƙasar da ba tasa ba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ya Allah, ranar da za ka tara shi da 'yarsa, ka cire masa kunyar nan, ya kira ta da sunanta. Amin.